Al Ahly ta Alƙahira, 1907 zuwa 2025: Tsarin Shugabanci a Matsayin Tushen Nasara

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Al Ahly da ke birnin Alƙahira na ƙasar Masar, tun daga kafa ta a 1907 har zuwa ƙarshen kakar wasa ta 2024/25. An duba yanayin siyasar da ya haife ta, da yadda ta mamaye gasannin cikin gida, da hawanta zuwa kan gaba a nahiyar Afirka, da kuma musibar da ta auka wa magoya bayanta a 2012. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, kofunan Al Ahly sun samo asali ne daga tsarin mallaka da shugabanci mai ɗorewa, wanda ya ɗora ƙungiya a kan kowane mutum komai ƙwarewarsa. An kuma nuna abin da wannan rinjaye ya jawo wa ƙwallon Masar, da abin da masu tafiyar da ƙungiyoyinmu za su iya ɗauka daga ciki.

1.0 Gabatarwa

A tarihin gasar cin kofin zakarun Afirka, ƙungiyoyi da dama sun yi tashe na shekara uku ko biyar sannan aka daina jin ɗuriyarsu. Hafia ta Gini da Canon ta Kamaru sun ɗauki kofin sau 3 kowaccensu tsakanin 1971 da 1980, amma yau ba a sa su a lissafin masu neman sa. Al Ahly kuwa ta ɗauke shi sau 12, na farko a 1982, na baya-bayan nan a 2024. Babu wata ƙungiya ban da ita da ta wuce 5. A cikin gida ta lashe gasar lig ta Masar sau 45 da kofin Masar sau 39.

Tambayar da ta kamata mai nazari ya yi ita ce: me ya sa wannan ƙungiya ba ta faɗi ta kwanta kamar sauran ba? 'Yan wasa sun zo sun wuce, masu horarwa sun zo sun wuce, gwamnatoci sun sauya daga sarauta zuwa jamhuriya, an yi yaƙi, an yi juyin juya hali, amma ita tana nan. Amsar wannan tambaya ba ta cikin fili kaɗai. Dole a leƙa ofis, a duba wa ya mallaki ƙungiyar, wa yake zaɓen shugabanta, da kuma yadda take hukunta wanda ya saɓa.

2.0 Asali: ƙungiyar da kishin ƙasa ya haifa

Tun 1882 sojojin Birtaniya suke mamaye da Masar. Manyan wuraren wasanni na Alƙahira a lokacin, irin wanda ke tsibirin Jazira a tsakiyar kogin Nilu, na hafsoshin Ingila ne da sauran baƙi. Ɗan ƙasa mai ilimi ba shi da inda zai je ya motsa jiki ya gana da 'yan'uwansa ba tare da ya zama baƙo a garinsu ba. A 1906 aka yi abin takaici na ƙauyen Dinshawai, inda aka rataye wasu manoma bayan rikici da hafsoshin Ingila, abin da ya ƙara hura wutar neman 'yanci a zukatan ɗalibai.

A cikin wannan yanayi Umar Lutfi, shugaban ƙungiyar ɗaliban manyan makarantu, ya kawo shawarar a kafa wurin wasanni na 'yan ƙasa. An kafa Al Ahly ranar 24 ga Afrilu, 1907. Waɗanda suka kafa ta sun yi wata dabara da ke nuna hangen nesansu: sun naɗa Bature, Mitchell-Innes, wanda ke aiki da Ma'aikatar Kuɗi, ya zama shugaba na farko, domin a sami sauƙin mallakar fili a Jazira. Da buƙata ta biya, a 1908 Aziz Izzat Basha ya karɓi shugabancin, ya zama ɗan Masar na farko a kan kujerar. Sa'ad Zaglul, ministan ilimi na lokacin, wanda daga baya ya jagoranci boren 1919, shi ne shugaban girmamawa na babban taron mambobi.

Ba da ƙwallon ƙafa aka fara ba. Sai a 1911 aka kafa sashenta, kuma a wannan shekarar ce wani lauya ɗan Beljiyam, George Merzbach, ya kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Zamalek. An fara karawa tsakanin su biyun a 1917. Ita waccan ƙungiya ta haɗa baƙi da 'yan ƙasa, daga baya ma ta ɗauki sunan Sarki Faruk, ba ta koma Zamalek ba sai bayan juyin mulkin 1952. Al Ahly kuwa a 1925 ta taƙaita zama mamba ga 'yan Masar kawai. Daga nan ne talakan Alƙahira da manomin karkara suka ɗauke ta tamkar tasu, ko da ba su taɓa taka harabarta ba. Wannan ƙauna ita ce jarinta na farko, kuma har yau ba ta da wanda ya fi shi.

3.0 Mamayar cikin gida da shekarun fari

Al Ahly ta ɗauki kofin Sultan Husaini a 1923, ta ɗauki kofin Masar karo na farko a 1924. Da aka fara gasar lig ta ƙasa a kakar 1948/49, ita ta lashe ta farko, ta kuma ci gaba da lashewa har sau 9 a jere, zuwa kakar 1958/59. A wannan zamani ne Salih Salim ya yi fice a fili, mutumin da daga baya zai sake fasalin ƙungiyar daga kan kujerar shugabanci.

Bayan kofin 1961/62 sai al'amura suka juya. Ƙungiyoyi irin su Tarsana da Isma'ili da Olympic ta Iskandariyya suka karɓe gasar. Yaƙin 1967 ya sa aka dakatar da lig har shekara huɗu. Isma'ili ce ma, ba Al Ahly ba, ta fara kawo wa Masar kofin zakarun Afirka a 1969. Al Ahly ta yi shekara 13 ba ta ɗauki lig ba.

Yadda ta fita daga wannan fari ya cancanci a tsaya a kansa. Shugabanninta ba su watsa kuɗi a kasuwa ba. A 1973 suka ɗauko Nándor Hidegkuti, ɗaya daga cikin gwanayen tawagar Hangari da ta gigita Turai a shekarun 1950, suka ba shi lokaci ya yi aiki da matasan da ƙungiyar ta raina da kanta. Ya zauna har 1980, ya ɗauki lig sau 5. A hannunsa Mahmud Al-Khatib, wanda magoya baya ke kira Bibo, ya zama ɗan wasan da daga baya aka ba kyautar gwarzon Afirka a 1983. Tawagar da Hidegkuti ya gina ita ce Mahmud Al-Gohari ya gada ya shiga da ita Afirka.

4.0 Hawa kan gadon Afirka

A 1982 Al Ahly ta doke Asante Kotoko ta Gana da ci 3-0 a Alƙahira, aka yi 1-1 a Kumasi, ta ɗauki kofin zakarun nahiya na farko. Shekara ta gaba Kotoko ta rama a wasan ƙarshe. Daga nan Al Ahly ta koma gasar masu riƙe da kofunan ƙasashe, ta lashe ta sau 3 a jere, 1984 da 1985 da 1986. A ta 1985 Leventis United ta Ibadan ce ta tsaya mata a wasan ƙarshe. A 1987 ta doke Al-Hilal ta Sudan ta sake zama zakarar Afirka, a 1993 kuma ta ƙara ɗaukar kofin masu kofuna karo na huɗu. A ƙarshen shekarar 2000 hukumar CAF ta ayyana ta a matsayin ƙungiyar ƙarni na 20 a Afirka, hukuncin da magoya bayan Zamalek ba su amince da shi ba har yau, domin a lokacin ƙungiyarsu tana da kofin zakaru 4, Al Ahly tana da 2.

Shekaru goman da suka biyo baya sun rufe wannan gardama a fili. Manuel José, ɗan Fotugal, ya fara aiki a 2001, kuma a watan Agusta na shekarar Al Ahly ta doke Real Madrid da ci 1-0 a wasan sada zumunta a Alƙahira. Ɗan Najeriya, Sunday Ibeji, shi ya ci ƙwallon. José ya ɗauki kofin zakarun Afirka sau 4: a 2001 a kan Mamelodi Sundowns, a 2005 a kan Étoile du Sahel, a 2006 a kan Sfaxien, sai 2008 a kan Coton Sport ta garin Garwa a arewacin Kamaru. Tsakanin 2004 da 2005 tawagarsa ta buga wasa 55 ba a doke ta ba. Wasan ƙarshe na 2006 shi ne wanda magoya baya suka fi tunawa: an yi 1-1 a Alƙahira, kofi na shirin zama a Tunisiya, sai Muhammad Abu Turaika ya zura ƙwallo ana dab da tashi. A watan Disambar wannan shekara, a Japan, Al Ahly ta doke Club América ta Meziko da ci 2-1 ta zo ta uku a gasar ƙungiyoyin duniya.

Ƙashin bayan wannan tawaga, wato mai tsaron raga Isam Al-Hadari, da mai tsaron baya Wa'il Juma'a, da Abu Turaika, da Imad Mut'ib, su ne kuma ginshiƙan tawagar ƙasar Masar da ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka a 2006 da 2008, kafin ta cika na uku a 2010.

Zango na baya-bayan nan ya fara ne a 2020, lokacin da Pitso Mosimane na Afirka ta Kudu ya jagorance ta ta doke Zamalek da ci 2-1 a wasan ƙarshe, sannan Kaizer Chiefs da ci 3-0 a 2021. Junior Ajayi na Najeriya yana cikin wannan tawaga. Marcel Koller na Suwizalan ya ƙara biyu, a 2023 a kan Wydad ta Maroko, a 2024 a kan Espérance ta Tunisiya. Wato wasan ƙarshe 5 a jere daga 2020 zuwa 2024, aka ci 4. A gasar ƙungiyoyin duniya kuwa ta zo ta uku sau 4 ke nan.

5.0 Tsarin da ke bayan kofuna

Al Ahly ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wani attajiri ba ce. Ta mambobinta ce, waɗanda ke biyan kuɗin shekara, suna zuwa rassanta na Jazira da Madinat Nasr da Sheikh Zayed da iyalansu, suna kuma jefa ƙuri'a duk shekara huɗu su zaɓi shugaba da majalisarsa. Ƙwallon ƙafa sashe ɗaya ne a cikin wasanni da yawa. Tawagarta ta ƙwallon kwando ma ta ɗauki gasar BAL ta Afirka a 2023. Kuɗin shiga yana fitowa daga mambobi, da kamfanonin talla, da haƙƙin nuna wasa, da ladan gasanni, da sayar da 'yan wasa. Saboda haka sauyin minista ko fushin mai kuɗi ɗaya ba ya hana a biya albashi.

Abu na biyu shi ne ɗorewar shugabanci. Daga 1980 zuwa 2025, mutum 5 kacal suka shugabanci ƙungiyar: Salih Salim, da Abduh Salih Al-Wahsh, da Hasan Hamdi, da Mahmud Tahir, da Mahmud Al-Khatib. Huɗu daga cikinsu sun sa jar rigar ƙungiyar sun buga mata ƙwallo. Masu horarwa kam ana sallamar su, Koller kansa an sallame shi a 2025 bayan Sundowns ta fitar da ƙungiyar a wasan kusa da na ƙarshe. Amma waɗanda ke yanke shawarar wa za a ɗauko, da irin ɗan wasan da ya dace, mutane ne da suka girma a cikin gidan, suka san al'adarsa.

Abu na uku shi ne ladabtarwa. Taken da aka san Salih Salim da shi yana cewa Al Ahly tana sama da kowa, kuma an gwada wannan magana a aikace. A 1985 manyan 'yan wasa suka bijire wa hukuncin shugabanni ana dab da karawa da Zamalek a gasar kofin Masar. Majalisar Salim ta dakatar da su, ta fito da matasa, matasan suka ci 3-2. A 2008 Isam Al-Hadari, a lokacin da ake ganin babu gola kamarsa a Afirka, ya tafi Sion ta Suwizalan ba da yardar ƙungiya ba. Al Ahly ta kai ƙara FIFA, ta yi nasara, shi kuma bai sake tsare mata raga ba. Ɗan wasan da ya ga an yi wa waɗannan haka ya san iyakarsa tun kafin ya sa hannu a kwantiragi.

Gwaji mafi tsanani ya zo ne ranar 1 ga Fabrairu, 2012. Bayan wasa da Al Masry a birnin Bur Sa'id, aka far wa magoya bayan Al Ahly a cikin filin wasa, mutum 74 suka rasu, mafi yawansu matasa. An soke gasar lig ta wannan kaka, ta gaba ma ba a kammala ta ba saboda rikicin siyasar 2013. 'Yan wasan da suka ga mutane suna cikawa a ɗakin sauya kayansu, ba su da gasar cikin gida da za su riƙa wasa, mafi yawan wasanninsu na gida ba 'yan kallo, su ne suka ɗauki kofin zakarun Afirka a 2012 a kan Espérance a ƙarƙashin Husam Al-Badri, suka kuma kare shi a 2013 a kan Orlando Pirates a ƙarƙashin Muhammad Yusuf. Dukkan masu horarwar biyu 'ya'yan gida ne, tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar. Ƙungiyar da ba ta da tushe da ta watse a waɗannan shekaru biyu.

6.0 Abin da rinjayen ya jawo

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Yawancin gwanayen zamanin José ba a Jazira aka raine su ba: Abu Turaika daga Tarsana ya zo, Juma'a daga Gazl Al-Mahalla, Al-Hadari daga Dimyat. Duk ƙaramar ƙungiyar da ta fito da ɗan wasa mai kyau ta san ba zai daɗe a hannunta ba. Sakamakon haka, ƙungiyoyin garuruwa masu ɗimbin magoya baya sun yi rauni, ƙungiyoyin kamfanoni da na hukumomi waɗanda ba su da 'yan kallo suka cika gasar. Rashin yarda tsakanin Al Ahly da Zamalek ya kai ga an daɗe ana ɗauko alƙalan wasa daga ƙasashen waje domin karawarsu. Bayan Bur Sa'id kuma an shafe shekaru ana buga lig a filayen da babu kowa, ba a fara barin 'yan kallo kaɗan su dawo ba sai 2018. Matasan da suka ba ƙungiyar muryarsu da rayukansu su ne suka fi kowa asara.

Akwai kuma sabon ƙalubale. Pyramids, wadda kuɗin attajiran yankin Gulf ya gina tun daga 2018, ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2025. A gasar ƙungiyoyin duniya da aka faɗaɗa a Amurka a wannan shekara, Al Ahly ta yi canjaras da Inter Miami da Porto, Palmeiras ta doke ta, aka fitar da ita tun a rukuni. Tazarar da ke tsakanin zakarar Afirka da manyan Turai da Kudancin Amurka tana nan, kuma kuɗin mambobi kaɗai ba zai cike ta ba.

7.0 Darasi ga ƙungiyoyinmu

Masu bin ƙwallo a arewacin Najeriya suna da dalilin sanin wannan ƙungiya da kyau. A 2009, Al Ahly tana riƙe da kofin Afirka, Kano Pillars ta fitar da ita a zagaye na biyu: 1-1 a Najeriya, 2-2 a Alƙahira, Pillars ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Wannan ya tabbatar da cewa gwaninta a ƙafa ba ta fi ƙarfinmu ba. Amma tun daga wannan shekara Al Ahly ta ƙara kofin zakarun Afirka 6, ita kuwa Pillars, duk da lig 3 da ta ɗauka a jere daga 2012 zuwa 2014, ba ta sake kaiwa wancan matsayi ba, har ta faɗa gasa ta biyu a 2022 kafin ta dawo.

Mafi yawan manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne. Shugabanninsu naɗa su ake yi, sukan kuma tafi tare da wanda ya naɗa su. Mai goyon baya yana cika fili, amma ba shi da ƙuri'a. Abin da tarihin Al Ahly ke nunawa shi ne a buɗe rajistar mambobi masu biyan kuɗi, a ba su ikon zaɓe, a tsayar da wa'adi, a raba hanyoyin samun kuɗi, a kuma riƙe tsofaffin 'yan wasa a koya musu aikin ofis maimakon a sallame su da kyautar ban kwana.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Al Ahly ta fara ne a matsayin mafakar ɗalibai masu neman 'yancin ƙasarsu, ta gaji ƙaunar jama'a daga wannan asali, sannan ta gina tsarin da ya hana ƙaunar ta lalace: mallakar mambobi, shugabanci mai ɗorewa daga 'ya'yan gida, da hukuncin da ba ya duban fuska. Wannan tsari ne ya fitar da ita daga farin shekarun 1960, ya kuma riƙe ta bayan Bur Sa'id. Yana da illarsa ga ƙananan ƙungiyoyin Masar, kuma zuwan kuɗin Gulf zai gwada shi fiye da duk abin da ya gabata. Ga masu nazari a jami'o'inmu, aikin da ya rage shi ne a kwatanta wannan tsari da na ƙungiyoyi irin su Espérance da TP Mazembe da Enyimba, a gano wane ɓangare nasa ne ya dogara da yanayin Masar, wane ne kuma za a iya dasawa a Kano ko Yamai ko Garwa ya kama.